Bel ɗin da Na Zauna a Kai

Ni dai ba ɓarauniya ba ce, a fara sanin wannan. Abin da aka ajiye kusa da kwandon shara ba shi da mai shi, haka na taso na gani.

Jikana bakanike ne, garejinsa bango ɗaya da ɗakina. Sifana ake ce masa, don ko abinci zai ci akwai sifana a aljihunsa. Sanƙo ya cinye masa rabin kai, amma kullum ya shigo sai ya ce, "Amarya, me aka dafa wa maigida?" Ni kuma in ce na fasa auren mai warin baƙin mai.

Wata takwas da suka wuce aka jawo masa wata tsohuwar mota koriya mai fitilu kamar idon kwaɗo. Ta Likita ce, wadda ta daina aiki tuntuni, mai gidan nan na ƙarshen layinmu. Motar marigayi mijinta ce. Ta ce a tashe ta, amma duk abin da ke jikinta na asali a gyara shi a mayar. Sifana ya warware motar kaf, ya zuba tarkacen ciki a kwali ya tura bakin ƙofar baya, kusa da kwandon shara. A cikin kwalin na ga wasu bel na ɗaure jiki a kujerar mota, ruwan toka, masu faɗi, da kawunan ƙarfe masu tambarin fure. Lokacin kuwa gindin kujerar hutawata ya zube. Na kwana uku ina farke ɗinkinsu da reza, na saƙa wa kujerata sabon mazauni, ƙarafan na jefa gwangwanin maɓallaina.

Ran Litinin ɗin nan Likita ta zo duba aiki, don ran Asabar za ta karɓi motarta. Fenti na walƙiya, inji na gurnani a hankali. Ta shiga ta zauna, ta kai hannu gefen kujera, sai fuskarta ta canza.

"Wannan baƙin abin fa?"

"Sabon bel ne, ranki ya daɗe. Ya fi ƙarfi."

"Ina nawa? Ruwan toka, masu fure?"

Sifana ya sosa sanƙo.

"Ka nemo su kafin Asabar," in ji ta. "In ba haka ba zan sa a ja ta garejin Tumbi ya ƙarasa."

Tumbi shi ne bakaniken tsallaken titi, wanda in ya canza maka taya sai ya ce shi ya ƙera motar. Aikin wata takwas zai tafi hannunsa, ya ɗaura bel biyu ya ce shi ya tashe ta.

Ni na san abin da ke cin Likita, don mai mata wanki ta gaya wa mai min kitso. Shekara arba'in mijin nan bai taɓa barin ta ɗaura bel da kanta ba. Sai ya sunkuyo ya ɗaura mata, ya ji ya ce ƙas, sannan ya tada mota.

Sifana ya birkice garejin. Ya zazzage duro, ya hau saman rufi, ya tare mai kwasar shara har suka kusa cin kwalar juna. Duk wannan ina bakin ƙofa ina kallo, ina zaune a kan bel ɗin da yake nema. Na so in faɗa, wallahi. Amma kunya ta riƙe ni, kujerar kuma akwai daɗin zama. Ran Laraba ya shigo ko amarya bai ce ba, ya ture kwanon abincinsa.

Ran Alhamis Likita ta dawo jin ko an dace. Na jawo kujerata bakin gareji, wai shan iska. Suna magana ƙasa-ƙasa, na karkata don kada kalma ta wuce ni, na ƙara karkatawa. Sai ji na yi kyat! Na zurma ciki, ƙafafuna sama, takalmina ɗaya a kan bonet.

Su biyu suka zaro ni. Likita ta danna ƙuguna nan da can, ta ce babu karaya. Sannan idonta ya sauka kan kujerar.

"Amarya," in ji Sifana, "mene ne wannan?"

"Kujera ce, maigida. Ba ka taɓa ganin kujera ba?"

Likita ta zare bel guda ɗaya daga saƙar, ta kama da hannu biyu ta ja. Ya yage kamar tsohon zani. Ta daɗe tana kallonsa.

"Da wannan na so in ɗaure kaina in hau titi," ta ce. "Ko Iya da ba ta kai buhun auduga ba bai riƙe ta ba. Iya, ina ƙarafan?"

Na ɗingisa na ɗauko gwangwanin. Suna nan cif, har da ƙananan ƙyallaye biyu masu rubutun kamfani, da na ajiye don na ga sun yi kyau.

Aka yanke shawara nan take: ƙarfe na asali, ƙyallen rubutu na asali, jikin bel sabo. Sifana ya jiƙa ƙarafan a kananzir, ya bi kowane lungu da tsohon burushin haƙori, ya ɗiga wa sifirin da ke cikinsu mai, har furen ya fito tas. Ran Juma'a Mai Kushin, wanda ke ɗinka kujerun mota, ya zo da kekensa mai katuwar allura da naɗin bel ruwan toka. Ya lanƙwasa bakin, zai zuba layi biyu a miƙe.

Na ce, "Tsaya, ɗan nan. Ba haka yake ba."

"Iya, shekara ashirin ina wannan aiki."

"Ni kuma kwana uku ina farke shi. Ɗinkin kamar akwati yake, a ciki zare ya hau ya sauka sau bakwai kamar haƙoran zarto, a ƙarshe ya koma da baya sau uku. Nan ne reza ta yanke ni, ga tabon."

Ya yi dariya. Sifana ya ɗaga tsohon bel ɗin saitin rana, ramukan allura suka bayyana. Ya ƙirga: bakwai. Mai Kushin ya haɗiye dariyarsa ya ce in matso kusa. Na tsaya a kansa da sandata har ya gama, sau ɗaya ma na sa ya farke.

Ran Asabar da hantsi Likita ta shiga motar. Ta shafa furen da yatsa, ta karanta ɗan ƙyallen, ta haɗa kawunan biyu. Ƙas! Ta cire tabarau ta goge. Sannan ta buɗe ta sake ɗaurawa.

"Sifana, ka yi aiki," ta ce. "Iya, zagayo ki shiga gaba."

Jikana ya sunkuyo ya ɗaura mini nawa, ya raɗa mini cewa daga yau kwalayensa da kwaɗo za su kwana. Na ce ya fara biyana kujera.

Da muka zo saitin garejin Tumbi yana tsaye da tumbinsa, na ce wa Likita ta rage gudu, ta danna oda. Ta danna har sau uku. Na ɗago bel ɗin da yatsa yadda zai gani sosai, na ce, "Sannu da hutawa!"