Alobera a Tsohon Bokiti

Hannun Mai Wanki ya gama tsagewa. Sabulu ya cinye shi, idan ta matse zani sai ta cije leɓe. Abu ɗaya ke bari ta kama aiki washegari, shi ne ruwan ganyen alobera da take shafawa. Tushe ɗaya gare ta, a tsohon bokiti bakin rariya. Maƙwabciyarta ce ta ba ta, ta kuma ja mata kunne: rana da yashi kawai take so, ruwa sai ƙasar ta bushe ƙamas.

To, ga Maigida. Tun da ciwo ya kashe masa ɓarin jiki ya bar tuƙin mota, duniya ba ta bar masa wani aiki ba sai bokitin nan. Kullum sai ya jawo ƙafa, kofi a hannunsa, ya tuttula wa aloberar ruwa.

"Baban yara, ba kifi ba ce fa."

"Ke me kika sani? Ko mota sai da ruwa. Ji ranar nan!"

Sai ta ƙyale shi, don lokacin ne kaɗai take ganin ya miƙe kamar namiji.

Ganyen ya fara laushi, ya koma ruwan ɗorawa. Ran nan ta taɓa tushen, ya tuge a hannunta, gindin baƙi, sai wari. 'Ya ɗaya ce ƙarama ta tsira a gefe. Ta zauna a kan kwandon wanki ta daɗe tana kallonta. Idan wannan ta bi uwarta, hannu ya tafi, wanki ya tafi, kuma ba ta da idon komawa roƙo gidan maƙwabciya.

Ta dasa ta a busasshen yashi. Tana cikin dannawa sai ga ƙarar sandarsa, ga kofi cike.

"Kauce in ba jaririya ta sha."

Ta tare bokitin da jikinta, ta miƙa masa tafukanta, duk tsaga.

"Dube su. Ruwanka ne ya kashe waccan. Na gaji, Baban yara, ba zan iya lallashinku ku biyu ba."

Ya dubi hannun, ya dubi kofin. Ya juye ruwan a rariya, ya ja ƙafa ya koma ɗaki.

Aloberar ta kama. Shi kuwa bai ƙara fitowa tsakar gida da safe ba.