Jan Fenti a Jikin Ɓaure

Na dawo ƙauyenmu daga kwalejin horon malamai da wuta a cikina. Sesiya, koriyar kurciyar nan da babu irinta ko'ina sai a tsibirinmu na São Tomé, tana ƙarewa, mutanena kuwa suna zaune suna shan bammi, suna cewa ai kurmi ba ya rasa tsuntsu. Wannan sakacin ya ishe ni.

Na je wurin Sum Teodoro, tsohon maharbin da ya fi kowa sanin kurmi.

"Baba, nuna mini itatuwan da sesiya ke cin 'ya'yansu. Zan kare su."

"Da me, Malam? Da alli?" Ya yi dariya. "Ko surukaina ban nuna wa ba."

Wata biyu ina yi masa naci, har da gorin cewa irinsu ne suka cuci ƙasa da ɓoye-ɓoye. Daga ƙarshe ya kai ni. Ɓaure bakwai ne, can bayan rafi. Mahaifinsa ne ya nuna masa su, shi kuma tsuntsu biyu kawai yake harba a shekara.

Ban shawarce shi ba. Na zagaye gindin kowanne da jan fenti, na zana taswira, na manna a ƙofar makaranta, na rubuta: An hana harbi a nan. Na tara mutane, na yi awa guda ina yi musu faɗa. Da na ga samari sun daɗe tsaye gaban taswirar, sai na ce a raina, yau gari ya waye.

Bayan mako uku na bi ta rumfar San Idalina mai abinci. Daronta cike yake da figaggun sesiya.

"Malam, zo ka ci, kai ba ka biya," in ji ta. "A da maharban nan yini suke suna yawo a banza. Yanzu ko makaho ya san hanya. Boko ya yi rana."

Na bar rumfar. Na wuce makaranta na yage taswirar, na nufi bayan rafi.

Ƙarƙashin ɓauren farko ƙasa ta yi kore da gashin tsuntsu. 'Ya'yan ɓaure sun nuna suna zuba, babu mai ci. Sum Teodoro na zaune kan saiwa, ba bindiga a hannunsa.

"Baba, na cire takardar."

"Daga ƙofa ka cire ta. Je ka cire ta daga kawunansu."

Na sunkuyar da kai. "Duk sun tafi ke nan?"

Ya miƙe.

"Akwai itace na takwas," ya ce. "Jiya na ga shida a kai."

Bakina ya buɗe zan tambayi inda yake, na rufe shi. Ya ɗan jira, ya ga ban tambaya ba, sannan ya nuna mini hanyar gida da sandarsa. Sai da na juya baya na ɗan yi nisa sannan na ji ya fara tafiya.