Motar Gil-su Ba Ta Fita Ba

"Maman Hye-rin, ajiye ludayin nan ki zo ki ɗaukar mini hoto."

Pyo Ok-bun ba ta ko waiwaya ba. Romon ƙashi na tafasa a tukunya, ga ma'aikatan tashar jiragen ruwa sun kusa fitowa cin abincin rana.

"Hoton me kuma, Maigida Tak? Aure za ka ƙara da wannan furfurar?"

"Ki zo dai. Hannuna ne ke rawa."

Wannan maganar ce ta sa ta juyo. Tak Gil-man maƙwabcinta ne tun 'ya'yansu na rarrafe. Katanga ɗaya ta raba ɗan gidan abincinta da filin da yake ajiye manyan motocinsa uku, kuma ba ta taɓa jin ya ce wani abu nasa ya gaza ba, ko ranar da ya binne matarsa. Ta rage wuta, ta goge hannu, ta bi shi.

Motoci biyu sun fita jigilar kifi tun safe. Ta ukun tana can kusurwar da aka san ta, shuɗiya, tayoyinta sun sace sun lafe a ƙasa. Motar ƙaninsa ce, Gil-su. Hunturun bara waccan Gil-su ya ratse wurin hutawar direbobi a babbar hanya, ya daidaita motar tsaf tsakanin layi, ya ja birki, ya kifa kai a kan sitiyari. Bai sake ɗagowa ba. Tun da aka dawo da motar babu wanda ya tuƙa ta. Har kabewar Ok-bun ta tsallako katanga ta nannaɗe madubin gefe, ta yi 'ya'ya a kan rufi.

"Ɗauki lambar. Ɗauki tayoyin. Ki ɗauki kabewar taki ma, ita ce babbar shaida."

"Wai me ya faru ne?"

Sai da ya zauna a kan wata tsohuwar taya sannan ya yi bayani. Kamfanin daskarar da kifi da yake yi wa jigila ne suka kira shi. Kafin su sabunta kwangila sukan duba tarihin kiyaye haɗari na kowane kamfani a wurin hukuma, kuma sun tarar da laifi biyu a kansa. Wai a bazarar nan shuɗiyar motar ta ɗauki kaya fiye da ƙa'ida, ta wuce ma'aunin motoci a guje ba ta tsaya ba. Takardun tarar can tsohon ɗakin hayar Gil-su aka yi ta aika su, inda babu mai buɗewa. In ba a goge laifin kafin ƙarshen wata ba, wani za a ba aikin.

"Kin san sunan direban da suka rubuta?"

Ta girgiza kai.

"Tak Gil-su," ya ce. "Mutumin da ko ɗan kyanwa bai taɓa takawa ba. Yana kwance a kabari a gindin dutse, suna rubuta masa laifi."

Washegari ta rufe shago da hantsi, ta sa rigarta ta zuwa coci, suka hau bas zuwa ofishin sufuri na gunduma. Wata matashiyar jami'a mai suna Seol ce ta karɓe su. Ta duba hotunan da ke waya ɗaya bayan ɗaya, da ta zo kan kabewa ta danne dariya.

"Baba, irin wannan yana faruwa," ta ce. "Akwai masu neman motar da ta daɗe a ajiye, su buga lamba irin tata su liƙa wa tasu. Ka rubuta ƙorafi, ka haɗa da shaidar rasuwar, Mama ta sa hannu a matsayin wadda ta gani. Za mu bincika."

"Da wane ido aka ga motar?"

"Na'urar kan hanya ce ta ɗauka. Ga shi."

Ta juyo musu da fuskar kwamfuta. Hanya ce cikin hazo, ga shuɗiyar mota tana fitowa daga cikinsa kamar daga ƙarƙashin ruwa. Lambar ta fito tangaram. Gilashin gaba kuwa fari fat, ba a ganin fuska. Sai hannu ɗaya da ya leƙo ta taga, sanye da farar safar aiki, ya kwanta a jikin ƙofa, yatsu a sake.

Ok-bun ta ƙura wa hannun ido. Shekara da shekaru, duk sanda Gil-su zai shigo layin, haka hannunsa yake kwanciya a ƙofa, ya ɗaga yatsa biyu ya gaishe ta.

"Kowane direba a ƙasar nan yana da irin safar nan," ta faɗa da ƙarfi, alhali babu wanda ya tambaye ta.

Gil-man ya matso da fuskarsa har numfashinsa ya dusashe gilashin.

"'Yata, za ki iya buga mini wannan a takarda?"

Ta buga masa. Ya ninke ya sa a aljihun ƙirji. Da aka miƙo masa takardar ƙorafin ya riƙe biro ya daɗe bai rubuta komai ba, har mai bi musu a layi ya fara gyaran murya. Ok-bun ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Sa hannu mana, romona na jira."

Ya sa.

Kwanakin da suka biyo baya hazon teku ya sauko garin ya ƙi tashi. Jirage na ta busa ƙaho daga inda ba a ganinsu, wanki ya ƙi bushewa. Gil-man ya daina shigowa cin abinci. Bong, babban direbansa, shi ne ya zo ya zauna a kujerarsa, ya ture kwanon kimci, kabejin nan mai tsami da yaji, gefe ya sunkuyo.

"Goggo, ki yi masa magana. Na ce ya riƙa kiran ofishin nan yana matsa musu, ya ce a'a, a bar su su yi a hankali. A hankali! Matata cikin wata bakwai gare ta. In kifin nan ya kuɓuce mana, iska za mu riƙa ɗauka?"

"Ci abincinka, bakinka ya fi injin motarka ƙara."

Amma da rana ta yi ta zuba romo da shinkafa a tire, ta zagaya. Ba ya cikin ɗan ofishinsa na kwano. A shuɗiyar motar ta same shi, zaune a kujerar mai rakiya, ƙofa a buɗe, takalmansa a jere a kan matakala kamar yadda Gil-su ya saba tilasta wa kowa.

"Sauko ka ci, kada ya huce."

"Maman Hye-rin, ɗakinki ne ke jikin katangar nan. Kin taɓa jin ta tashi?"

"Da waɗannan tayoyin? Sai dai in rarrafe take yi."

Bai yi dariya ba. Ya nuna kujerar direba da haɓa.

"Taɓa nan."

Ta ajiye tiren, ta zagaya ta ɗaya gefen, ta taka matakala ta miƙa hannu. Kujerar da ɗumi. Ba zafi ba, ɗumi irin na wurin da mutum ya tashi yanzu. Ta dubi sama, babu rana, babu alamarta tun shekaranjiya.

"Kai ka zauna a kai."

"Ban taɓa zama a wurinsa ba."

"To kyanwa ce."

"Wataƙila."

Ya zaro hoton daga aljihu, ninkin har ya fara yagewa. Ya shimfiɗa shi a cinya.

"Kin san Gil-su bai iya zama wuri ɗaya ba. Ko ranar bikin girbi, kafin a gama gaida kakanni ya fita duba mai. Nakan ce a raina, wannan yaron ko a can zai zauna kuwa?" Ya shafa hannun da ke cikin hoton da babban yatsa. "Amma da shi ne, da ya tsaya a ma'auni. Ko babu kowa a wurin sai ya tsaya. Ta nan na san ba shi ba ne."

Yadda ya faɗi maganar, kamar wanda aka yi wa rasuwa sabuwa. Ok-bun ta sauko ta zagayo. Ta ɗauko tiren ta ɗora masa a cinya a kan hoton, ta tsaya har ya kai cokali uku bakinsa.

Daga ranar ta fara kasa kunne ba da niyya ba. Tana yankan albasa sai ta tsaya, wuƙa a sama. Ba ta jin komai sai ƙahon jirage.

Ranar Alhamis da safe tana wanke shinkafa, bayan Bong da ɗayan direban sun fita, ta ji inji ya tashi a bayan katanga. Ta san muryar motocin nan biyu kamar tarin 'ya'yanta. Wannan ba ɗayansu ba ce. Wannan mai kauri ce, tana ɗan shaƙewa kafin ta daidaita. Kwanukan da ke kan kanta suka ɗauki rawa a hankali. Ta tsaya da hannu cikin ruwa tana cewa a ranta, ai akwai hanya a bayan filin, motocin tasha na bi. Sai ƙarar ta ɗauke.

Ta fita ko hannu ba ta goge ba.

Filin shiru. Motar na nan inda take, ganyen kabewa jiƙe da raɓa, ko ɗaya bai motsa ba. Takalman Gil-man na kan matakala, amma yau ƙofar a rufe take. Ta ƙwanƙwasa.

"Maigida Tak."

Ta ja ƙofar. Yana zaune a kujerar mai rakiya, ya ɗaura bel ɗin kujera, hannayensa biyu a kan gwiwa, hularsa a daidai. Kansa ya ɗan karkata wajen sitiyari kamar mai sauraron labari. Idonsa a buɗe, yana kallon hazon da ke gaban gilashi.

"Yaya," ta ce, sunan da ba ta kira shi da shi ba tun suna da ƙuruciya. "Yaya Gil-man."

Ta kama hannunsa. Bai gama sanyi ba. Ba ta dubi kujerar direba ba, kuma ba ta taɓa ta ba. Ta rufe masa ido, ta sauko, ta bar takalman inda suke ta nufi wurin waya.

Likita ya ce zuciya ce, ta daɗe tana ba shi gargaɗi yana ɓoyewa. Da Ok-bun ta ba Bong labarin ƙarar, ya hau ya murɗa makulli a gabanta. Ko ƙyas.

"Goggo, batirin nan ya riga mai shi mutuwa," ya ce. Ya sauko da sauri fiye da yadda ya hau.

An yi zaman makoki a ɗakin da ke ƙasan asibiti. Eun-sil, 'yar Gil-man tilo, ta iso daga babban birni, ta tsaya cikin baƙaƙen kaya gefen hoton mahaifinta da fararen furanni. Ok-bun ta karɓe wurin rabon abinci ba tare da an sa ta ba, tana faɗa da masu dafawar asibiti a kan gishiri. A rana ta biyu, direbobi sun cika tebura suna shan giya suna ba da labarin marigayin, wayar Gil-man ta yi ƙara a jakar Eun-sil. Ta fita. Da ta dawo ta nufi Ok-bun.

"Goggo, wata ce Seol daga ofishin sufuri. Ta ce an kama motar a can arewa da lambar jabu. Sun goge laifin duka biyu, sun aika wa masu kifi. Ta ce in gaida Baba."

"Kin gaya mata ya rasu?"

"Na gaya mata. Sai na ji tana kuka."

"Wanda aka kama ɗin, wane iri ne?"

"Wai wani ƙato ne, matashi. Me ya sa?"

"Babu komai."

Gil-su ɗan tsurut ne, sai ya sa matashi a kujera yake hango hanya. Ok-bun ta ci gaba da zuba miya, ta rasa ko sauƙi ta ji ko wani abu daban.

Bong ya ji labarin. Ya ajiye kofinsa, ya je gaban hoton marigayin ya durƙusa, goshinsa har ƙasa, ya miƙe ya sake. Sannan ya tsaya ƙyam kamar mai kawo rahoton dawowa daga tafiya.

"Maigida, an goge. Sunan Yaya Gil-su fes yake. Jibi za mu ɗauki kifi."

Wani tsohon direba ya ja hanci ya ce a ƙaro miya.

Eun-sil ta bar wa Bong kula da motocin biyu, ta mayar wa hukuma lambar shuɗiyar. Bayan kaka masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo da motar ja. Ok-bun ta yanke kabewarta da kanta kafin su iso, ta tsaya a bakin katanga rungume da guda biyu. Tayoyin suka yi ta gardama da ƙasa kafin su saki. Aka ja motar ta bi layin a hankali, ta sha kwana.

Inda ta tashi ya bar dogon fili mai kusurwa huɗu, busasshe, a tsakiyar jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wasu siraran ciyayi sun tsiro a wurin, farare sol don ba su taɓa ganin rana ba. Yayyafi ya fara sauka a kansu, suna ɗan sunkuyawa suna ɗagowa.