Turmi Goma Sha Biyu Babu Kisa

"Kai ne Rachidou mai magana a talho? To kai maƙaryaci ne, ka yi wa ɗana ƙazafi."

Wannan ita ce sallamar Hajiya Fatsima a hawa na huɗu na wani dogon gini a Saint-Denis, ranar Asabar bayan azahar. Rachidou na tsaye bakin ƙofa da cokali a hannu, bai san ta ba, bai san ɗan nata ba. A bayanta ga ƴarta Shamsiya, wadda ta sadaukar da hutunta ta rako ta cikin jirgin ƙasa tun daga Lyon, tana sunkuyar da kai kamar ita ce mai laifin.

Ya ce su shigo, ya shiga jero gaisuwa, gajiya da hanya da iyali. Hajiya ta amsa biyu ta bar masa sauran. Kujera ɗaya ce a ɗakin, gaban teburin da ke ɗauke da abin magana, a kanta ta zauna.

Rachidou karatun ƙididdiga yake a jami'a. Duk Lahadi kuma yana fitar da shirin wasanni da Hausa, wanda ƴan Nijar ke tura wa juna ta talho, wato waya, daga Faransa har gida. Mako uku da suka wuce ya yi shiri kan wani zakaran damben zamani na ajin masu nauyi, Bature, wanda ya kare kambunsa sau shida. Hajiya ba ta iya faɗin sunansa, Jan Wuya take ce masa. Rachidou ya ce zakaran na takarda ne, bai taɓa gamuwa da namiji ba, mutum shidan duk haya aka yi su zo su faɗi. Na huɗu cikin shidan shi ne Bukari, autan Hajiya, mai lodin kaya a wani magaza, wato babban ɗakin ajiyar kaya, a Vénissieux.

Cikin kwana biyu maganar ta isa Damagaram. Gidan su Bukari a can gidan mahauta ne, dambe gado ne, marigayi uban Bukari da tabon naushi a gira aka binne shi. A gidan ana yafe wa wanda aka buge, ba a yafe wa wanda ya sayar da faɗuwarsa. Ƙanen mijin Hajiya ya aiko da saƙon murya, ya ce idan gaskiya ne kada yaron ya ƙara danganta kansa da su. Tun ranar Bukari bai taka wurin motsa jiki ba. Daga aiki sai ɗaki, abincin da take ajiye masa yadda ta rufe haka take buɗewa.

Shamsiya ce ta bayyana wa Rachidou wannan, a hankali, rabi da Faransanci. Ya ajiye cokalin, ya ce wallahi ba da wani ya yi ba, nazari ne kawai. Ya buɗe ordinatar, wato kwamfuta, ya juyo wa Hajiya da ita, ya nuna layi-layi na lambobi. Bukari ya yi dambe ashirin da biyar, an cinye shi a goma sha ɗaya. Duk mai kallon wannan, in ji shi, ya san ba sa'an zakara ba ne.

Hajiya ta kalli allon kamar mai kallon bango. Ta ce ya kawar da shi, ba ta yi lakwal ba balle ta karanta boko, kuma ba ta yi awa biyu a jirgi don ta ga tururuwa a gilashi ba.

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne yaron ya kusa faɗin gaskiya. Ita ta kalli damben shida duka, tana gefen Bukari tana tsinke zogale, wasu har sau uku. Sai ta shiga lissafa masa su. Na farko tsoho ne mai tumbi, tun turmi na biyu yake numfashi da baki kamar ragon da aka koro daga kasuwa. Na biyu dogo ne mai kyan jiki, amma da an taɓa shi sai ya rufe ido, kuma wanda ke rufe ido ba ɗan dambe ba ne, ɗan rawa ne. Na uku da tsohon rauni a gira ya shigo, Jan Wuya bai yi komai ba sai bin raunin har alƙali ya raba. Na biyar ba ta ma son ambatonsa, uwarsa na da rai wataƙila. Na shida yana da zuciya, ƙafa ce babu. Ta ce shi kansa Jan Wuya hannu ɗaya gare shi, na dama, kuma a garinsu da ba zai kai bayan girbi da kambun ba.

Rachidou ya fara murmushi, ya ce ai ke nan bakinsu ɗaya, Hajiya.

"Bakinmu ɗaya a biyar. Na huɗun fa, ka kalla?"

Ya ce ya ga guntaye na wasu. Ta sake tambaya, na huɗun. Ya sosa ƙeya, ya ce wannan ba a saka shi a talabijin ba, a wani ƙaramin zaure aka yi, sakamakon kawai ya gani, an rubuta zakara ya yi nasara.

Ta miƙa wa Shamsiya hannu ba tare da ta waiwaya ba, Shamsiya ta ɗora mata talho. Wani abokin aikin Bukari ne ya ɗauki damben daga kujerun baya, hoton na rawa, kan wani mai sanƙo ya tare kusurwa guda. Rachidou ya ce ta tura masa zai kalla da natsuwa. Ta ce yanzu yake da natsuwa. Ya ce abin zai kai kusan awa. Ta ce maganarsa minti biyu ce, kuma mako uku ke nan tana cinta.

Ya zauna bakin gado ya kalla, shinkafarsa na hucewa. Hajiya ba ta bar shi ya kalla shiru ba. Ta gaya masa kwana tara kafin damben aka kira Bukari, don wanda aka shirya ya karye a hannu, kuma har ana gobe yana magaza yana ɗaga kwali. Ta ce haka aka yi a yawancin goma sha ɗayan da yake nuna mata, kiran gaggawa, a garin mutane, gaban alƙalan mutane. A turmi na biyar ta sa ya mayar baya ya ga yadda Jan Wuya ya rungume Bukari yana leƙen agogo. A na tara hannun daman nan ya sami Bukari a muƙamuƙi, gwiwarsa ta lanƙwashe, zauren ya miƙe tsaye. Hajiya ta kawar da kai a nan, ta bar Rachidou ya gani da kansa. Gwiwar ba ta taɓa ƙasa ba. Aka kai na goma sha biyu, aka buga ƙararrawa, kowa da ƙafafunsa.

Ta ce a dambensu idan aka yi turmi uku ba wanda ya faɗi, sai a ce babu kisa, a raba su, kowa ya tafi da sunansa. Wannan sha biyu aka yi. Ta san Turawa na da nasu tsari, mutum uku a zaune da biro suna ba da maki, kuma ba ta zo jayayya da makinsu ba, su riƙe. Amma kwana goma ɗanta ya yi yana shan kunu da tsinke don bakin ba ya buɗuwa, ita ke gasa masa fuska da ruwan zafi tana shafa man kaɗe. Wanda aka yi haya ya faɗi ba ya dawowa gida haka.

Rachidou ya miƙa wa Shamsiya talhon. Sannan ya ce gaskiya ya yi kuskure, ta yi haƙuri, yanzun nan zai rubuta gyara a ƙarƙashin shirin. Ta tambaye shi wa zai karanta, ita ko ƙanen mijinta da ke rumfar nama. Ya ce to zai goge shirin gaba ɗaya. Ta ce zai bi talho-talho ne har Damagaram yana gogewa? Ya ce shirin gobe an riga an shirya shi kan ƙwallo, sai dai wani makon. Da ya ga idonta sai ya ƙara da cewa ai ma ba shi ya haɗa jerin ba, abokin aikinsa Muhammad Awwal ne ya kwaso daga wani shafi, shi karantawa kawai ya yi.

Shamsiya ta taɓa kafaɗarta ta ce Inna, jirginsu ƙarfe shida ne. Hajiya ta cire takalmanta ta tura su ƙarƙashin tebur.

"Wato ɗaya ya rubuta bai gani ba, ɗaya ya faɗa bai gani ba, ɗana kuma yana ɗaki ya kasa haɗa ido da mutane. Kira Awwal ɗin ya zo. Ka kunna wannan abin, da Hausar da ka ɓata Bukari da ita za ka faɗi sunansa da na ubansa, ka ce bai faɗi ba kuma ba ka kalla ba. Ko kai ko shi, yau sai ɗayanku ya amsa wannan magana da bakinsa."