Sau Ɗaya Cikin Arba'in

Makarantar tana ƙasan gangara ne, daidai inda titin da ya sauko daga wurin fasa dutse yake karya kwana. Ƙofarta ta ƙarfe a bakin kwalta take. Ƙarfe biyu na rana idan an kaɗa ƙararrawa, yara ɗari bakwai ne suke tuɗaɗowa ta nan, ba mai duban hagu balle dama.

Malamar lissafi ta yi shekara goma sha ɗaya tana bin wannan ƙofa gabanta bai taɓa faɗuwa ba, sai ranar Asabar ɗin da ƙaninta ya zo gaishe ta. Auta ake ce masa, ko da yake yana da 'ya'ya uku har furfura ta fara tsiro masa a gemu. Direban tifa ne, shi ke sauko da tsakuwa daga kan dutsen, sawu shida a rana. Ya tarar da ita tana duba takardun 'yan aji biyar, ga wani gwangwanin madara a gefenta cike da marafan lemo. Ya ɗauka ya girgiza, ya tambaye ta ko da waɗannan ake biyan malamai yanzu. Ta ce kayan aiki ne, da su take koya wa yara lissafin yiwuwa: a rufe ido, a zura hannu, a faɗi sau nawa ake sa ran jan marfi zai fito.

Auta ya yi dariya ya ce ai shi ma yana wannan lissafin a kan sitiyari. Birkin tifar tasa yakan ƙwace. Ka taka, ƙafarka ta tafi har ƙasa kamar ka taka soso. Amma ya san makamarsa: sai ka saki, ka buga sau biyu da sauri, ya kama. Ya ƙirga da kyau, a cikin sauka arba'in sau ɗaya yake yi. Bakaniken kamfani ya duba, ya ce a lallaɓa tukuna.

"Jiya ya yi mini, Yaya," in ji shi, yana miƙe ƙafa. "Kin ga yanzu ina da talatin da tara lafiyayyu."

Ta ajiye jan biro. Ta juye gwangwanin, ta ƙirga farare talatin da tara da ja ɗaya, ta mayar ciki. Ta zaro jan ta nuna masa, sannan ta sake jefa shi ciki ta girgiza.

"Kai a aljihu kake sa shi idan ya fito. Shi kuwa komawa yake yi cikin gwangwani. Birki bai san abin da ya yi jiya ba, Auta."

Ta tambaye shi wane sawu ne yake haɗuwa da tashin makaranta. Ya ce na huɗu, kusan kullum. Ta juya bayan takardar wani yaro ta rubuta. Saura kwana sittin a yi hutu, sauka sittin ke nan a kan yara. Sittin a raba da arba'in, ɗaya da rabi. Abin da za a sa rai ke nan kafin hutu. Ta ƙara wani layi, ta ce damar a kai hutu bai ƙwace ko sau ɗaya a wannan lokacin ba, ashirin da biyu ce kawai cikin ɗari.

Auta ya ce shi dai bai taɓa ganin birki ya ƙwace rabi ba, ko rabin ranar Asabar zai yi? Ita ba ta yi dariya ba. Da zai tafi ya roƙe ta kada maganar ta wuce nan, don manajansu ba ya son direba mai baki.

Ranar Litinin ta hau har kan dutsen. Manajan ya ba ta kujera, ya saurare ta yana karkaɗa makullai, sannan ya tambaye ta ko tifar ta taɓa buge wani. Ta ce a'a. Ya buɗe hannuwa. Haka yawancin mutane suke: abin da bai faru ba tukuna, a wurinsu babu shi, ko da an ɗora musu shi a tafin hannu.

Ranar Laraba aka sallami Auta, wai yana fitar da maganar kamfani waje. Tifar kuwa ba a taɓa ta ba. Aka miƙa ta ga wani sabon direba mai baƙin tabarau. Auta ya tare shi ya koya masa bugu biyun nan, mutumin ya ce kowa da irin sa'arsa, shi shekara tara yana tuƙi ko kaza bai taka ba. Mahaifiyarsu ta kira Malama ta ce ta kyauta, ta raba ɗan'uwanta da abincinsa a kan marfin lemo. Auta ya daina ɗaukar wayarta.

Ta sake yin lissafin ita kaɗai a ofishin malamai, ta ga abin da ta jawo. Arba'in ɗin tana nan yadda take. Abin da ya canza shi ne ƙafar da ta san yadda ake yi ta sauka daga motar, kuma ita ce ta sauke ta.

Ta samu shugaban makaranta ta nemi a ja lokacin tashi da minti goma sha biyar. Ya ce ba zai rubuta wa hukuma cewa ya canza lokaci saboda abin da ba a gani ba. Sai ta wuce wurin mai gadi, wani tsoho mai jin kunyarta, ta karɓi makullin ƙofa.

Daga ranar, biyu saura minti biyar tana bakin ƙofa, ta datse ta da kwaɗo. Yara su taru a bayanta suna gumi suna ƙunƙuni, har sai tifar ta sauko da nishinta, ta karya kwana ta wuce, sannan ta buɗe. Wata rana minti uku, wata rana ashirin. Yaran suka sa mata suna Gandiroba. Iyaye suka kawo ƙara. A kwana na goma sha biyu shugaba ya ba ta takardar gargaɗi, ya ce kwana goma sha biyu ke nan lafiya lau, ko lissafin nata ya tafi hutu ne? Ta ninke takardar ta sa a jaka, kusa da makullin.

A kwana na goma sha tara, tun daga sama ta ji ƙarar ta bambanta. Babu tsakin iskar nan da birki yake yi. Sai hon, dogo, ba yankewa. Ta cikin sandunan ƙofa ta hango baƙin tabarau da buɗaɗɗen baki. Tifar ta zo kwanar ba ta karya ba. Ta bi ta kan dandamalin da yara suke tsayawa jiran abin hawa, ta kwashe allon sunan makaranta, ta kifa hanci cikin kwalbati. Tsakuwa ta watso har kan takalmin Malama.

Yara ɗari bakwai suna tsaye a bayan ƙofa. Direban ya fito da rarrafe, goshi na jini, yana laluben tabaransa.

Shugaba ya fito ya riƙe hannun mai gadi yana ta salati, bai dubi inda take ba. Da ƙura ta lafa, tsohon ya matso ya miƙo mata hannu.

"To Malama, Allah ya kiyaye, ta yi ta wuce. Kawo makullin ki huta. Yanzu ai sai bayan arba'in kuma."

Ta dube shi, ta dubi shugaba da ke gyaɗa kai, ta mayar da makullin jaka.

Bayan kwana huɗu, biyu saura minti biyar, ta tarar da Auta a jingine da katanga ta waje. Ya rame. Bai gaishe ta ba. Ya ce ya leƙa garejin kamfanin jiya, sun sa wa tifar sabuwar fitila, sun buga gaban sun yi masa fenti, an kuma samo wani direban. Ta tambaye shi birkin fa. Ya girgiza kai.

Ta datse kwaɗon. Auta ya tsallaka ya kori masu talla da suka fara taruwa a kan dandamalin, ya tsaya a gefe ya ɗaga kai yana kallon gangarar. Aka kaɗa ƙararrawa. Can sama, ƙarar injin tifar ta fara saukowa.