Kofin Baƙi

Ranar da aka share makokin mijin Inna, ƙanin marigayin ya tara dangi a falo. Matarsa ta zagaya da shayi a kofunan roba da kowa ya saba sha da su. Da ta iso gaban Inna, sai ta ajiye mata kofin tangaran mai bakin zinare.

Inna ta san kofin. Ita ta saye shi, ita ta kafa dokar kada a fito da shi sai an yi baƙo.

"Matar Yaya," in ji ƙanin, idonsa a bango, "kin yi mana ƙoƙari, Allah ya saka. Amma gidan nan na mahaifinmu ne. In kin fita takaba, gara ki koma ƙasarku, cikin 'yan'uwanki."

"Waɗanne 'yan'uwan? Na cikin kabari? A tsakar gidan nan na yi ta wanke maka kayan makaranta, kana yoyon majina."

"Ai ban musa ba. Sha shayinki kar ya huce."

Dangi sun iya shiru in akwai ɗakin da za a raba.

*

Washegari Inna tana yanka albasa a kicin, 'yarta, malamar Turanci, tana bitar darasin da za ta koyar.

"Foreigner, wanda ya zo daga wata ƙasa. Stranger, wanda ba a san shi ba. Outsider, an san shi sarai, amma ba a lissafa shi cikin 'yan gida."

"Mu baƙo kawai ya ishe mu," in ji Inna. "Su har uku suka ƙera? Lallai sun fi mu iya kora. To Malama, ni wacce ce a ciki?"

"Haba Inna, darasin yara ne fa."

"Bari in taya ki. A nan ni ce ta farko. In na koma can, ni ce ta biyu, don ko layin gidanmu ba zan gane ba. Ta ukun kuwa, jiya baffanki ya koya mini ita, bai ma nemi Turanci ba."

"Zan yi masa magana."

"Jiya ina bakin naki yake?"

Malama ta sunkuyar da kai. Jiya a kofin roba ta sha nata shayin, an kuma ce ɗakinta yana nan. Ba ta yi maganar ba, har takaba ta ƙare.

*

Da safen tafiya, mota tana jira a ƙofar gida, Inna ta koma kicin. Ta sauko da kofin tangaran, ta wanke shi duk da ba datti, ta goge da gefen mayafinta, ta mayar can saman kabad inda hannun yara ba ya kaiwa.

"Ki kula da shi," ta ce wa 'yarta. "Kar ya fashe. In na zo ganinki, za a neme shi."