Kiran da Cleophus Ya Yi wa Ɗansa a Asibiti

A garinmu Bellwood, can kudancin Alabama, in ka tambayi mutane game da Cleophus Tillery kowa da abin da zai ce. Dikin Rufus, mataimakin fasto a cocinmu, zai ce mutumin kirki ne, sai dai ko da jariri yake karta sai ya cinye shi. Matarsa Odessa takan ce tun da suka yi aure yake taka mata ƙafa, kuma kullum ƙafar ce mai laifi. Masu kawo motoci garejinsa su ce bai taɓa cutar kowa ba, bai kuma taɓa ba kowa haƙuri ba. Amma duk inda maganar ta zaga, wuri ɗaya take sauka: shi ne uban Tavaris.

Tavaris mai cafe ƙwallo ne a babbar gasar ƙwallon Amurka ta ƙasa. Aikinsa ya sheƙa da gudu, a wurgo masa ƙwallo daga nesa, ya cafe kafin ƙattin da ke binsa su murƙushe shi. Uban ne ya koya masa a filin bayan gareji, da jifa babu tausayi, har ƙaramin yatsan yaron ya karkace bai sake miƙewa ba. Shekara tara ya yi a sana'ar, yanzu ya ba talatin baya, masu sharhi a talabijin sun fara cewa gudunsa ya ragu.

Mu kuma tsofaffin unguwa muna da tamu gasar, wadda ake kira fantasi. Kowa ya zaɓi 'yan wasa na gaske ya jera su a wayarsa kamar shi ne mai ƙungiya. Abin da suka yi a fili ranar Lahadi shi ne makinka. Wanda ya ci shekara ya ɗauki kofi, wato wani tsohon murfin taya da aka shafa wa fenti ruwan zinariya. Ba mu taɓa zama mun yanke doka ba, amma duk ranar zaɓe muna tsallake Tavaris mu bar wa ubansa. Ko a shekarun da yake zuba maki kamar ruwan sama, babu wanda ya miƙa masa hannu.

Tsakiyar kakar bana aka ɗauke shi daga fili a kan ƙaramar mota, yana riƙe da gwiwa. Ƙungiyarsa ta ce likitoci na dubawa, ba ta ƙara komai ba. Washegari da rana na haɗu da Odessa a kanti, fuskarta kamar an yi mata albishir.

Ta ce, "Ennis, ka san Cleo ya kira yaron da kansa? Ya tambaye shi jiki, ya tambaye shi komai. Tavaris ya ce da suka ajiye waya sai da ya yi hawaye."

Da yamma wayoyinmu suka yi ƙara gaba ɗaya, kamar yadda suke yi in wani ya canza jerinsa. Cleophus ya cire Tavaris. Ya ɗauki wani yaro, Kendrick Mabry, wanda babu wanda ya san sunansa. Sai daga baya duniya ta ji cewa jijiyar gwiwar Tavaris ta tsinke, ya gama wasa a bana, kuma Mabry ne zai tsaya a gurbinsa.

Dikin Rufus ya sami Cleophus a ƙarƙashin wata mota, ya shuri tafin takalminsa.

"Fito nan, ɓarawo. Ɗanka na kwance, kai kana tatsar labari a bakinsa."

Cleophus bai fito ba. Daga ƙarƙashin motar ya ce, "Dikin, mai ƙafa ɗaya ba ya kawo maki. Da kai ne ka sami labarin, da ka ƙi amfani da shi?"

"Da ni ne, da na hau jirgi na je asibitin."

"Shi ya sa ba ka taɓa cin kofi ba."

Ina tsaye ina jinsu. Muka yi ta ɓoye wa Odessa har ta ji a bakin matan coci. Tun daga ranar ta daina kawo mana abinci gareji.

Mabry kuwa ya tashi kamar wutar daji. Kowace Lahadi sai ya tsallaka layin cin maki da ƙwallo, Cleophus yana ta doke mu ɗaya bayan ɗaya, har wasan ƙarshe ya rage tsakaninsa da Dikin Rufus, a Lahadin bayan Kirsimeti. Muka taru a gareji da rana, an ture motoci gefe, an jera kujeru gaban talabijin. Ba zato sai ga Odessa da tiren soyayyen tarwaɗa da burodin masara, bayanta kuma Tavaris, yana dogara sanda. Ya rame. Ya gaishe mu ɗaya ɗaya, ya ce mini, "Kawu Ennis, har yanzu kai ne na ƙarshe?" Muka yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta. Ya zauna kusa da ubansa ya miƙe ƙafar a kan bokiti.

Ƙungiyar Tavaris ce ke wasa a talabijin. An daɗe ana ja, sai aka wurga wata doguwa, Mabry ya yi tsalle tsakanin mutum biyu ya cafe, ya faɗa bayan layi. Cleophus ya miƙe har kujerarsa ta kife.

"Haka nake so, yarona! Ka ga hannu, Dikin? Ka ga hannu?"

Tavaris ya sa sandarsa ya zaro wayar talabijin daga bango.

Cleophus ya ce, "Kai, me ke damunka? Ana tsakiyar wasa."

"Yaronka."

"Magana ce ta kallo. Mayar da wayar."

"Zauna, Baba."

Ban taɓa jin wani ya ce wa Cleophus ya zauna a garejinsa ba. Bai dai zauna ba.

Tavaris ya ce, "Ina kwance, ƙafa ta kumbura kamar kabewa, aka ce Baba ne a waya. Ka ce, gaya mini gaskiya yaro, sati nawa. Na gaya maka abin da ko matata ban gaya wa ba tukuna. Ka ce wa zai shiga gurbinka, na ce Mabry. Na ɗauka tsoro kake ji mini. Na kira Mama ina kuka kamar sakarai, wai Baba ya damu da ni. Kafin hawayen ya bushe jikan Dikin ya turo mini hoton jerinka."

"Wasa ne na waya, Tavaris. Kowa ya san..."

"Wasa? Ka san saƙo nawa nake samu daga mutanen da ban taɓa gani ba? Wani ya ce na kashe masa shekara. Wani ya ce gara ma wuyana ne ya karye. Ina karantawa ina cewa waɗannan ba su san ni ba, a wurinsu ni lamba ce. Ashe shugabansu yana gidanmu."

"Ni na koya maka cafe ƙwallo a filin nan."

"Ka koya mini. Ga yatsan nan shaida." Ya ɗaga hannun. "In na yar da ƙwallo ba ka yi mini magana har gari ya waye. Na ɗauka in na girma zai wuce."

Cleophus ya juya wurinmu yana neman wanda zai tare masa. Kowa ya dubi farantinsa.

"Ranar Talata sun kira ni ofis," in ji Tavaris. Muryarsa ta sauka, amma ta fi zafi. "Ba za su sabunta mini ba. Sun ce suna da Mabry. Manajan ma sai da ya kasa kallon idona. Na ce masa kada ka damu, ba kai ne na farko ba. Ubana ya riga ka."

Ya tashi da ƙyar, ya ƙi hannun da Dikin ya miƙa masa, ya fita ta ƙofar baya.

Wayar Cleophus ta yi ta ƙara a aljihu, maki na shigowa. Odessa ta je ta ciro murfin tayar daga ƙusar da yake rataye, ta danna masa a ƙirji har ya ja da baya.

"Ga shi, ka ci. Rungume shi. In ka tsufa shi zai kai ka asibiti."

Ya tsaya riƙe da abin, yana kallon fentin da ya fara ɓarewa. Can ya ajiye shi a kan injin wata mota, ya ciro wayar ya ajiye a ciki, ya fita. Ƙofar a buɗe take, muna ganinsu. Tavaris ya kai tsakiyar filin, sandar tana nutsewa a laka.

Cleophus ya ce, "Gwiwa tana warkewa. Akwai ƙungiyoyin da ke neman gogaggen hannu. In ka fara atisaye da wuri..."

Tavaris ya ci gaba da tafiya.

"Tavaris."

Ya tsaya, bai juyo ba.

Cleophus ya cire hularsa, ya murɗe ta a hannu. Da maganar ta zo, da ƙarfi ta zo, kamar yana faɗa da wani, har mu da ke cikin gareji muka ji.

"Na kira ka don jerina, ba don ƙafarka ba. Abin kunya na yi. Ka yi haƙuri, ɗana. Ka yafe mini."